JANAR POLYAKOV: MAI SAYAR DA ASIRI, SHI MA AN SAYAR DA SHI

Wannan shi ne jawabin da wani ɗan'uwa ya gabatar a zaman tattaunawa na matasa. Mun kawo muku shi kamar yadda ya fito daga bakinsa, sai ɗan gyaran da ba a rasa ba. A sha karatu lafiya.

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

'Yan'uwa, an ce in tashi in yi magana, alhali ni ba malami ba ne, ɗalibi ne kamar kowa a nan. Abin da na zo da shi tarihi ne na wani mutum guda. Ba ɗan ƙasarmu ba ne, ba mu haɗa komai da shi ba, mafi yawanmu ma ba a haife mu ba lokacin da ya mutu. Amma tun da na karanta labarinsa ya tsaya mini a rai, shi ya sa na ce bari in kawo shi mu duba tare.

Bari in fara muku daga ƙarshen labarin. Ranar 7 ga watan Yuli, 1986, jami'an KGB, wato hukumar tsaro ta Tarayyar Sobiyet, suka kama wani dattijo. Kwana ɗaya ke nan da cikarsa shekara 65 a duniya, shekara shida kuma da ajiye kakinsa na soja. Suna cafke shi suka riƙe masa hannuwa, wani ya maƙale masa kai da haɓa, suka tuɓe masa riga, don tsoron kada ya zama ya ɓoye guba a jikinsa ya haɗiye kafin ya yi bayani. Sunan wannan dattijo Dimitri Polyakov, Manjo Janar mai ritaya. Tuhumar da ake masa ita ce yi wa Amurka leƙen asiri. Bai kuwa yi musu ba.

To, tambayar da nake so mu riƙe ita ce: wa ya tona shi? Mutumin da ya yi shekara 25 yana ɗauke da wannan asiri, ya gama aiki lafiya, ya koma gida yana wasa da jikokinsa, ta ina aka gano shi? Ku riƙe wannan tambaya, za mu dawo mata.

WANE NE SHI?

Saboda ƙannenmu da ke nan, bari in ɗan yi shimfiɗa. Tarayyar Sobiyet wata babbar daula ce ta 'yan gurguzu, ta haɗa jamhuriyoyi 15, Rasha ce uwa a ciki, hedkwatarta Mosko. Ta wargaje a ƙarshen 1991. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ita da Amurka suka shiga abin da ake kira yaƙin cacar baka. Wato kowanne ya tara makaman nukiliya ya auna ɗan'uwansa, amma ba wanda ya yarda ya fara harbi. A irin wannan yaƙi, sanin abin da ke cikin abokin gaba ya fi bataliya goma daraja. Sobiyet tana da hukumomi biyu na wannan aiki: KGB, da kuma GRU, wadda ita ce ta leƙen asirin soja. Amurka kuma tana da CIA mai aiki a waje, da FBI mai aiki a cikin gida.

An haifi Polyakov a 1921 a ƙasar Yukren, lokacin da ake kafa mulkin gurguzu a can. Ubansa akawu ne mai riƙe da littafin lissafi, ba wani mai mulki ba. Ya shiga makarantar sojan igwa, yana fitowa a 1941 sai ga Hitila ya auka wa ƙasarsu. Ya yi yaƙin, ya nuna jaruntaka, har aka ba shi lambobin yabo. Ku lura da wannan da kyau. Mutumin nan ba matsoraci ba ne, ba kuma ɗan iska ba ne. Ya sa ransa a gaban wuta saboda ƙasarsa.

Bayan yaƙi ya yi karatu a babbar kwalejin soja ta Frunze da ke Mosko, daga nan GRU ta ɗauke shi. A 1951 aka tura shi Niu Yok cikin tawagar sojan Sobiyet a Majalisar Ɗinkin Duniya. A takarda shi jami'in tawaga ne, a zahiri kuwa aikinsa kula da 'yan leƙen asirinsu da ke ɓoye a Amurka. Ya zauna har 1956, ya koma gida, aka sake mai da shi a 1959. A wannan zuwa na biyu ne, wajen ƙarshen 1961, ya nemi jami'an FBI da kansa ya ce zai yi musu aiki. Ba su suka farauto shi ba. Shi ya kai kansa.

ME YA KAI SHI?

Akwai magana biyu a kan dalilinsa. Ta farko, wadda ta fi yawo, ita ce a zamansa na Niu Yok ƙaramin ɗansa ya kamu da ciwo mai tsanani, ya nemi shugabanninsa su ba shi dama da kuɗin da za a yi wa yaron magani a asibitin can, suka hana, yaron ya mutu. Ta biyu, wadda jami'an CIA da suka yi hulɗa da shi suka fi ƙarfafawa, ita ce ya tsani shugabannin jam'iyyar gurguzu, musamman Kurushef da ke mulki a lokacin. Yana ganin su a matsayin azzalumai maciya amana, waɗanda za su iya jefa duniya cikin yaƙin nukiliya, su halaka mutanen da shi ya yi yaƙi dominsu.

Ko wacce ka ɗauka, wuri ɗaya za ta kai ka: mutum ne da ya ƙullaci na sama da shi, ya haɗiye abin, bai faɗa ba, bai kuma huce ba. Ya ci gaba da sara musu, suna ƙara masa girma, cikinsa kuwa yana tafasa. Hausawa suka ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wannan bangon, masu gidan ne suka tsaga shi da hannunsu.

Wani abin mamaki, ba kuɗi ya nema ba. Abin da yake karɓa bai wuce kimanin dala dubu uku a shekara ba, shi ma mafi yawansa kaya ne: injin huda katako da sauran kayan kafinta, kayan kamun kifi, bindigogin farauta. Mutum ne mai son aikin katako da shiga daji. Ba mashayi ba ne, ba mai bin mata ba. An yi masa tayin a fitar da shi zuwa Amurka, ya ƙi. Ya nuna musu cewa shi a ƙasarsa zai zauna, a cikinta zai mutu.

ABIN DA YA BAYAR

A 1962 ya koma Mosko. Daga 1965 zuwa 1969 yana Rangun, a ƙasar Burma wadda ake kira Myanmar yanzu, a matsayin jami'in soja a ofishin jakadancinsu. Daga baya aka tura shi Indiya, kuma a 1974 ya zama Manjo Janar. Har ya riƙe wani sashe a makarantar da GRU ke horar da sabbin jami'anta. Wato ka ga, yaran da za a tura ƙasashen duniya su yi aiki a ɓoye, ta gabansa suke wucewa, ya san sunayensu, ya san fuskokinsu.

FBI suka sa masa laƙabin TOPHAT, CIA suka kira shi BOURBON. Takardun da ya ba su sai da suka cika durowa 25 a ofishin CIA. A ciki akwai kofe-kofe na mujallar sirri da manyan hafsoshin Sobiyet ke rubuta tunaninsu na yaƙi a ciki. Akwai bayanan makamansu masu fasa tankokin yaƙi, waɗanda Amurka ta ci moriyarsu a Yaƙin Tekun Fasha na 1991, domin Iraƙi irin makaman take riƙe da su. Akwai jerin fasahohin da Sobiyet ke neman sacewa daga Turai da Amurka. Akwai kuma hujjojin da ke nuna cewa ɓarakar da ke tsakanin Sobiyet da ƙasar Sin ta gaske ce, ba wasan kwaikwayo ba. Wannan ya taimaka wa Shugaba Nixon wajen yanke shawarar kusantar Sin, har ya kai ziyara can a watan Fabrairu, 1972.

Yaya yake isar da saƙo yana tsakiyar Mosko, inda ido ke ko'ina? Wani lokaci a cikin dutsen ƙarya mai rami a ciki, a ajiye a wani wuri wani ya zo ya ɗauka. Daga baya CIA ta ƙera masa wata 'yar na'ura da zai shigar da saƙo a ciki, ya hau motar haya da ke bi ta gaban ofishin jakadancin Amurka, ya danna, cikin daƙiƙa biyu zuwa uku saƙon ya wuce. Fasinja ne kawai zaune a kujerarsa. Wa zai ce wani abu ya faru?

Amma 'yan'uwa, ba takardu kaɗai ya bayar ba. Ya bayar da mutane. Ya tona waɗanda ke yi wa ƙasarsa aiki a ɓoye a cikin Amurka da Ingila. Akwai Nelson Drummond, wani ƙaramin sojan ruwan Amurka, an kama shi a 1962, aka yi masa ɗaurin rai da rai. Akwai Frank Bossard, ma'aikacin gwamnatin Ingila a fannin makamai masu linzami, aka ɗaure shi shekara 21 a 1965. Waɗannan su ma maciya amanar ƙasashensu ne, ba muna wanke su ba ne. Abin lura shi ne, sun miƙa wuyansu ga GRU bisa alkawarin za a rufa musu asiri, sai ga shi a cikin GRU ɗin akwai wanda ke karanta sunayensu yana miƙa wa waɗanda za su ɗaure su. Ku riƙe wannan hoton, domin za ku sake ganinsa.

WA YA TONA SHI?

A 1980 aka kira shi daga Indiya, inda ya koma karo na biyu, ya dawo Mosko, ba da jimawa ba ya yi ritaya. Hulɗarsa da Amurkawa ta yanke. Ya koma aikin katakonsa da kamun kifinsa. Duk mai kallo zai ce ya sha.

Abin da bai sani ba, tun a 1979 wani jami'in FBI a Niu Yok, mai suna Robert Hanssen, ya tuntuɓi GRU yana neman kuɗi, kuma cikin hajar da ya kai musu har da labarin Polyakov. Manyan GRU ba su ɗauki matakin kama shi ba a lokacin. Sai kuma a 1985 wani jami'in CIA, Aldrich Ames, wanda shi ne ke shugabantar reshen da aka ɗora wa sa ido a kan leƙen asirin Sobiyet, ya taka da ƙafarsa zuwa ofishin jakadancin Sobiyet da ke Washinton. A watan Afrilu ya nemi dala dubu 50. A watan Yuni ya kwashi sunayen kusan duk mutanen da ke yi wa Amurka aiki a cikin Sobiyet ya miƙa. Aƙalla goma daga cikinsu an kashe su. Polyakov yana cikin jerin.

Kun ga amsar tambayarmu. Ba wayon KGB ne ya kama shi ba, ba kuma kuskurensa ba. FBI da ya fara kai kansa gare ta, daga cikinta aka sayar da shi. CIA da ya cika wa durowa 25, daga cikinta aka sake sayar da shi. Abin da ya yi wa Drummond da Bossard, shi aka yi masa, ba ragi ba ƙari. Da ɗan gari akan ci gari.

Ranar 27 ga Nuwamba, 1987, kotun soja ta yanke masa hukuncin kisa. Ranar 15 ga Maris, 1988, aka harbe shi. Sai a watan Janairu, 1990, jaridar Pravda ta gwamnati ta ba da labarin.

Su kuma masu sayar da shi fa? Ames ya karɓi fiye da dala miliyan biyu. Ya sayi gida na dala dubu 540 kuɗi hannu, ya sayi mota Jaguar, a kan albashin ma'aikacin gwamnati. Cikin waɗanda suka bi sawunsa akwai wata jami'ar CIA, Sandy Grimes, wadda ta yi shekaru tana kula da fayil ɗin Polyakov. Ita ta gano cewa ranakun da Ames ke zuba kuɗi a banki suna biyo bayan ranakun da yake ganawa da wani jami'in Sobiyet. Aka kama shi a Fabrairun 1994, aka yi masa ɗaurin rai da rai. Hanssen kuwa sai a Fabrairun 2001 aka kama shi. Kun san ta yaya? FBI ta biya wani tsohon jami'in KGB miliyoyin daloli, ya kawo mata fayil ɗin Hanssen daga Mosko. Wato shi ma sayar da shi aka yi. Ya mutu a kurkuku a 2023.

ABIN DA ZA MU ƊAUKA

Har yau ana jayayya a kan Polyakov. Amurkawa suna kiransa gwarzo, suna cewa bayanansa sun nuna musu cewa shugabannin Sobiyet su ma suna tsoron yaƙin nukiliya, wannan kuma ya rage haɗarin a yi shi. A Rasha kuwa sunansa maci amana. Ni ba alƙalanci na zo yi tsakanin daulolin nan biyu ba, kowacce neman mulkin duniya take yi. Abin da nake so mu gani shi ne kasuwar da ya shiga, da yadda take.

Ita kasuwar asiri, 'yan'uwa, mai sayarwa ma haja ne. Ranar da ka ɗauki asirin da aka ba ka amana ka miƙa wa wani, a ranar ka ƙirƙiri sabon asiri, wato naka, kuma ka bar shi a hannun mutumin da sana'arsa ita ce sayen amanar mutane. Polyakov ya fi ƙarfin kwaɗayi, ya fi ƙarfin tsoro, ya iya takunsa, shekara kusan 20 yana aiki bai yi tuntuɓe ba. Duk wannan bai amfane shi ba, domin ransa ba a hannunsa yake ba. Yana cikin wata durowa a wata ƙasa, inda wani mai bashi a wuya zai iya buɗewa.

La'alla wani zai ce, to mu ina ruwanmu, mu da ba janar-janar ba? Kowa a nan yana riƙe da amanar wani. Yaron shago ya san inda maigidansa ke saro kaya da nawa yake sarowa. Mai gyaran waya yana ganin abin da ke cikin wayoyin mutane. Ɗan acaɓa ya san gidan da ya kai wane da ƙarfe nawa. Abokinka ya gaya maka matsalar gidansu, ko ya turo maka saƙo a waya don ya yarda da kai. Hannu ɗaya za ka danna, saƙon ya isa inda mai shi bai nufa ba. Wanda ka tura wa kuwa ya san abu biyu yanzu: asirin abokinka, da kuma cewa kai mai tona asiri ne. Na biyun ba zai manta da shi ba.

Abu na biyu, ku dubi ƙofar da aka shigo ta ita. Ƙulli ne a zuciya. In an zalunce ka, ko ka ga ana ɓarna a inda kake, akwai hanyoyi na mutunci: ka faɗa a fili, ka kai ƙara inda ya dace, ko ka ajiye aikin ka fita da rana tsaka kowa yana gani. Na yarda, a Sobiyet ta wancan lokaci faɗin gaskiya yana iya kai mutum kurkuku ko kabari, kuma wannan uzuri ne da masu kare shi ke kawowa. Amma mu a tsakaninmu, da iyayenmu, da iyayen gidanmu, da abokanmu, wa ya rufe mana baki? Mafi haɗarin mutum shi ne wanda ke dariya da kai alhali ya gama da kai a zuciya. Kada ɗayanmu ya zama shi. Haka nan duk wanda aka ba shi jagorancin ko da mutum uku ne, ya ji tsoron ranar da na ƙasa da shi zai zo da buƙata ta gaske, ta ciwo ko ta yunwa, ya kore shi da wulaƙanci. Mai yi yana mantawa, wanda aka yi wa ba ya mantawa.

Abu na uku, kada wani ya tashi daga nan ya fara kallon na kusa da shi da wutsiyar ido. Labarin nan da kansa ya hana mu haka. A CIA akwai wani James Angleton, wanda ya shugabanci sashen farautar maciya amana daga 1954 zuwa 1974. Zato ya yi masa yawa har ya ɗauka Polyakov ɗin ma tarko ne Sobiyet ta ɗana musu. Ya tuhumi jami'ai da dama da ba su ji ba ba su gani ba, aikinsu ya lalace. Haka kuma kafin a kama Hanssen, FBI ta ɗora zarginta a kan wani jami'in CIA mara laifi, aka dakatar da shi daga aiki kusan shekara biyu, aka tsananta wa iyalinsa da tambayoyi, shi kuwa mai laifin yana zaune a ofis yana karɓar albashi. Zato bai kama kowa ba. Abin da ya kama Ames lissafi ne na ranaku da takardun banki, wanda aka zauna aka yi cikin haƙuri. Saboda haka kafin ka ce wane ɗan rahoto ne, wane an saye shi, tambayi kanka me ke hannunka. In ba komai sai "na ji an ce", to ka yi shiru. Jama'ar da zato ya shiga cikinta ba ta buƙatar maƙiyi, ita za ta cinye kanta.

A taƙaice, mutumin nan ya yi yaƙi saboda ƙasarsa yana ɗan shekara 20, ya mutu da harsashin ƙasarsa yana da shekara 66. Daular da ya yi wa zagon ƙasa ta rushe ƙasa da shekara huɗu bayan mutuwarsa, bai gani ba. Waɗanda ya dogara da su ba su iya tsare sunansa ba. Duk wanda wani ya zo masa da murmushi da 'yar kyauta yana cewa, "Gaya mini kawai, ba wanda zai ji," to ya tuna da wannan dattijo da aka tuɓe wa riga ranar 7 ga Yuli, 1986.

Wannan shi ne ɗan abin da ya sawwaƙa. Inda na yi kuskure a gyara mini, in akwai mai tambaya ko ƙarin bayani, fili nasa ne. Allah Ya ba mu ikon riƙe amana.